Matattakalar da Aka Zana da Fenti

Masu karatu, ku matso kusa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Wanda bai san ni ba, Ta-sama ake kirana, don a hawa na ƙarshe na benen haya na ƙaramar hukuma aka haife ni, nan na yi rarrafe, nan nake har yau. Ɗinkin labule nake yi a wani shago a bakin titi. Wanda nake so kuma ɗan kwana-kwana ne. Haka ma na ajiye shi a wayata, Kwana-kwana, ko hoton zuciya ban sa a gefe ba saboda Mama tana yawan ɗaukar wayar.

A shagon muka haɗu. Ya zo saya wa mahaifiyarsa labule, na baje masa yadi kala-kala, shi kuwa bai dubi fure ba, bai dubi kala ba. Ya roƙi ɗan ƙyalle daga kowanne, ya fita waje ya ƙyasta ashana yana kallon wanda ya fi saurin cin wuta. Na leƙa ta taga ina cewa a raina, wannan ko dai mahaukaci ne ko kuma mijina ne. Ya dawo ya zaɓi mafi muni a shagon, wani ruwan ƙasa mai kauri kamar bargon asibiti. Har yau mahaifiyarsa ba ta yafe mini ba.

Baba mai gyaran agogo ne, kuma shi ne shugaban masu haya a benenmu. Falonmu cike yake da agogunan mutanen da ba su dawo karɓa ba, kowanne da nasa lokacin, shi ya sa a gidanmu ko yaushe akwai agogon da ke ce maka ka makara. Da aka kai masa maganar Kwana-kwana, bai ma cire gilashin aiki daga idonsa ba. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ake biya albashi don ya zauna yana jiran masifar mutane ba. Watanni muka yi a haka. Kwana-kwana ya tsaya a ƙasa wajen famfo, ni in sauko da bokiti kamar ɗiban ruwa zan yi.

Sai gobarar benen bayan kasuwa ta faru. Irin namu ne sak, hukuma ɗaya ta gina su. Ba zan faɗa muku abin da aka fito da shi daga hawan sama ba. Kwana-kwana yana cikin waɗanda suka shiga, tun ranar kuma ko ƙamshin gashin nama ya ji a hanya sai ya tsallaka titi. Gwamnati ta sama ta riƙe kuɗin ƙaramar hukuma, ta ce ba za ta saki ba sai an duba kowane benen haya. Ta kafa ayarin masu dubawa nata na kanta, aka ɗauki Kwana-kwana a ciki. Duk benen da ya faɗi, a shafa wa ƙofarsa jan fenti, a fitar da mutanen ciki.

A makon ne Baba ya fara tambayata, wai ina ɗansa, kwana biyu bai gan shi ba. Na ce wane ɗa, ga Yaya nan a ƙasa. Ya yi dariya ya ce in daina raina masa hankali, in ce wa yaron ya hau sama ya sha shayi.

Kwana-kwana ya zo da farar riga da ya goge har tana ƙara. Mama ta fito da kofunan da ba a taɓa ba ni na sha da su ba. A falon muka tarar da Mai-tambari, jami'in gidaje na ƙaramar hukuma, wanda ke yawo da tambarin ofis a aljihun gaba har tawada ta yi masa tabo a duk rigunansa. Ya ce hanya ce ta biyo da shi. Baba ya dafa kafaɗar Kwana-kwana, ya jawo ni ɗaya gefen, Mai-tambari ya ɗauke mu hoto da wayarsa, ya ce ai irin wannan rana ba a barin ta ta wuce haka. Ni kuwa baki har kunne. Na kwana ina juyi, ina lissafin kalar labulen da zan sa a ɗakina.

Yanzu bari in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa Kwana-kwana ba.

A ƙarshen barandar kowane hawa akwai wata koriyar ƙofar ƙarfe mai ɗan gilashi a sama. Ita ce hanyar gudu in wuta ta tare babbar matattakala. Tun kafin a haife ni, jami'in gidaje na lokacin ya sa aka toshe matattakalar bayan, aka yanka ta ɗakuna, aka ba da haya. Yaya da matarsa a ɗaya suke zaune, gadonsu a kan inda ya kamata mutane su taka su tsira. A hawanmu kuwa, in ka buɗe ƙofar, bangon bulo ne kawai, tazarar tafin hannu daga hancinka. Wani mai zanen allon shaguna da ya taɓa zama a benen shi ya zana matattakala a jikin bangon, tana gangarawa cikin duhu, har da ƙarfen riƙewa da inuwarsa. In ka leƙa ta gilashin sai ka rantse za ka iya sauka. Ina ƙarama na sha hawa kan bokiti ina leƙawa, ina tunanin garin da take kaiwa. A raina garin yana da kogi, mutanensa kuma ba sa biyan haya.

Idan masu dubawa za su zo, benenmu yana da yadda yake yi, kwalliya muke kiransa. Mai-tambari ya turo jajayen tukwanen kashe wuta daga sito da sassafe, ba su isa ko hawa biyu ba. Da baƙi sun gama hawa ɗaya sun nufi matattakala, mata su ɗaure tukwanen da igiyar shanya, a jawo su sama ta tagar baya, a rataye kafin baƙin su iso suna haki. Ƙofofin ƙasa a jingina musu kabad. Tamu ta sama kuwa, wadda ba a yarda a ɓoye ba don dole baƙi su ga hanyar gudu, aikin Kaka ne. A shimfiɗa mata katifa a gindin ƙofar, ta kwanta tana nishi. Wane mai dubawa ne zai ce a ɗaga tsohuwa marar lafiya? Sai ya yi mata sannu, ya miƙa wuya ya leƙa gilashi, ya ga matattakala, ya tafi. Kaka ta fi kowa son ranar. Har gwajin nishi take yi tun jajibiri, tana tambayarmu wanne ya fi ban tausayi. Da baƙi sun sauka ta miƙe ta nemi shayi, ta ce a biya ta ladan wasa.

Bara ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu nishin ba ya buƙatar gwaji. Tun da ta ji labarin benen bayan kasuwa kuma, ba ta yarda a cire mata takalmi in za ta yi barci. Ƙafa ɗaya ba ta motsi, amma sai an sa mata duka biyun.

Ana gobe sabon ayarin zai zo benenmu, da yamma, Baba ya tara mu a falo. Ni, Mama, Yaya, da matarsa da cikinta ya tsufa, ta zauna a bakin kujera tana riƙe da ƙugu. Baba ya yi magana a hankali, ba faɗa. Ya ce waɗanda aka fitar daga sauran benaye suna kwana a tsohon sito, an raba su da buhu, mata da maza. Ya ce ƙaramar hukuma ba ta da ko bulo ɗaya da za ta gina wa wani, tun da an riƙe mata kuɗi. Ya ce benenmu ya fi ni shekaru bai taɓa kamawa ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo.

Yaya ya kalle ni ya ce, “Amarya, ba wani abu ake nema a wajenki ba. Ki yi kwalliya ki tsaya kusa da Kaka. In saurayin naki ya ɗago ki yi masa wannan murmushin naki na wajen famfo, shi ke nan ya manta ƙofa.”

Na ce Kwana-kwana ba haka yake ba. Matar Yaya ta ce duk haka muke cewa kafin a kai mu. Daga baya muka shiga kicin ni da Mama. Ta juya mini baya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanku, ta ce, “Ta-sama, a gidan nan na haife ki. Ban san hanyar wani gida ba.”

Wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙon Kwana-kwana ne.

“Gobe mu ne a gidanku. Na so a ba wani, ba a samu ba.”

Na rubuta, “Allah ya kai mu.”

“Akwai abin da ya kamata in sani?”

Masu karatu, na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Na kalli Kaka a kan gadonta, takalman roba sun leƙo ta ƙarƙashin bargo. Daga ƙarshe na tura masa, “Ka karya kafin ka fito, hawan da yawa.” Ya turo hoton dariya. Na kifa wayar.

Da safe Mama da kanta ta zaɓar mini kaya, doguwar riga ruwan goro mai ƙananan duwatsu a wuya, da farin mayafi. Ta fesa mini turarenta na biki. Yaya da wani maƙwabci suka ɗauko Kaka da katifarta suka ajiye a gindin koriyar ƙofa. Ba ta yi musu ba. Idonta kawai ta ɗaga tana kallon gilashin da ke saman kanta. Ta tagar baya ina jin ƙarar igiya da dariyar mata ƙasa-ƙasa, tukwane suna hawowa suna bugun bango.

Hantsi ya yi kafin su iso hawanmu. Kwana-kwana ne a gaba cikin kayan aiki, hular kwano a hannu. Bayansa shugabar ayarin, wata gajeriyar mata mai farin gilashi, tana dafa gwiwa. Sai Mai-tambari da Baba. Kwana-kwana bai kalle ni ba, na kuma san da gangan ne. Ya ɗaga jar tukunyar da aka rataye, ya juya ta, ya ciro wani maƙalin shanya da ya maƙale a hannunta.

“Wannan tukunyar tana da ƙafa,” ya ce. “Tun ƙasa take bin mu.”

Mai-tambari ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Shugabar ta ce tukwane abin saye ne, za ta ba da wa'adi. Abin da ba ta ba da wa'adi a kansa shi ne hanyar fita. A nuna mata.

Baba ya yi gaba, ya sassauta murya. “Ɗana, ga kakarka nan. Jikin ya matsa mata, nan ne kawai take samun iska. Leƙa ta gilashi ka gani, komai lafiya.”

Kwana-kwana ya durƙusa ya gaishe ta. Ya daɗe a durƙushe, na ga idonsa ya tsaya a kan takalman. Ya miƙe ya leƙa gilashin, ya kunna fitilar hannu ya sake leƙawa. Sannan ya ce, da ladabi, yana neman a matsar da Kaka kaɗan, shi da kansa zai ɗauke ta, ba za ta ji ciwo ba.

Baba ya ce ba a yi haka ba. Kwana-kwana ya ce ya sani, amma sai ya buɗe.

A nan Mai-tambari ya zaro wayarsa, ba gaggawa, kamar mai neman lambar wani. Ya miƙa wa shugabar. Daga inda nake tsaye na hango farar rigar nan da hannun Baba a kafaɗarta, da ni a gefe baki har kunne. Ya ce shi bai so ya ta da maganar ba, amma doka doka ce. Yaron nan surukin gidan nan ne, an yi magana an gama. Mai dubawa kuwa in yana da alaƙa da gida, duk aikin ranar ya ɓaci, mai kyau da marar kyau. A mayar da takardun benen hannun ƙaramar hukuma har a naɗa wani ayarin. Kowa a barandar ya san ma'anar haka. Wani ayarin yana iya zuwa baɗi, yana iya ƙin zuwa har abada.

Na juya na kalli Baba. Bai yi mamaki ba. Ƙasa yake kallo, yana murza kan agogon hannunsa. Sai a lokacin na gane shayin, da kofunan, da “ina ɗana”. In Kwana-kwana ya rufe ido, ƙofa ta zauna a rufe. In ya ƙi, ƙofa ta zauna a rufe. Ni ce kwaɗon da aka sa mata, har da turare.

Shugabar ta cire gilashi ta tambayi Kwana-kwana ko gaskiya ne. Ya ce ya nemi a canza shi tun jiya, ya faɗa wa mai raba aiki, aka ce ba mutum. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Bai musa ba. Ba ya ƙarya, shi ne abin da na so a jikinsa tun ranar ashana. Ta fara rufe jakarta.

Wani abu ya ja gefen rigata. Hannun Kaka ne, mai lafiyar. Bakinta ya karkace, maganarta sai wanda ya saba, ni kuwa na saba.

“Ɗaga ni,” ta ce. “Na gaji da wasan.”

Ban san lokacin da muryata ta fito ba. Na ce, “Ranki ya daɗe, ba surukin kowa ba ne. Babu aure tsakanina da shi. Na fasa.”

Mama ta kira sunana sau ɗaya, can ƙasan maƙoshi. Shugabar ta dube ni daga mayafi har takalmi. Ta ce in saurara da kyau. In ta rubuta haka, ta rubuta ke nan. Ranar da aka ji mun yi aure, ko bayan shekara nawa ne, ƙaramar hukuma za ta ce haɗin baki ne, a watsar da rahoton, shi kuma a kore shi daga aiki da baƙin suna. Ta tambaye ni ko na gane.

Sai a lokacin Kwana-kwana ya kalle ni. Ya ɗan girgiza kai, kaɗan ƙwarai, ni kaɗai na gani.

Na ce, “Na gane. Ki rubuta.”

Ni da shi muka ɗaga katifar, shi ta kai, ni ta ƙafa. Kaka ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar mun ɗauki wanki. Hannayenmu ba su haɗu ba. Baba ya ce mukulli ya ɓace, Kwana-kwana ya sa ƙarfe ya ɓalle kwaɗon. Ƙofar ta yi kuka ta buɗe.

Ban taɓa ganin zanen a fili ba sai yau. A hasken rana ya fi ƙanƙanta, fentin ya fara ɓarewa, wata tsaka tana manne a kan taki na uku kamar ita ma sauka take son yi. Shugabar ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan matattakalar, ta daɗe a haka. Mai-tambari ya ce shi ma yau ya fara gani. Ba ta ko juyo ba. Ta ce a kawo jan fenti.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, rana tana faɗuwa. An ba mu zuwa ƙarshen wata. Matar Yaya tana kuka a ƙasa, ina jin ta ta cikin bangon da aka zana. Maƙwabta sun bi ta ƙofarmu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi sallama, wata ta ce da ƙarfi ai an yi 'ya, Allah ya ba kowa irinta a gidan maƙiyinsa. Mama tana naɗe kofunan nan a tsohuwar jarida. Kaka kaɗai ta yi barci, ta kuma bari na cire mata takalmi, ban san dalili ba, don har yanzu a saman muke.

Ɗazu wayata ta yi haske.

“Ina ƙasa wajen famfo. Ki sauko, magana ɗaya ce. Kada ki ce a'a tukuna.”

Na san bai kamata ba. Ido ɗaya ya gan mu tare, duk abin da na zubar yau ya tafi a banza, Mai-tambari kuma yana da idanu a kowace taga. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Duk da haka na tsinci kaina na yafa mayafi, na ɗauki bokiti, na fita baranda.

Baba yana zaune a kan takin farko na babbar matattakala, ya tare ta daga bango zuwa ƙarfe, bayansa gare ni. Gilashin aiki na maƙale a idonsa, amma hannunsa babu komai. Ya ji ƙarar bokitin. Bai juyo ba.

“Sauka za ki yi, Ta-sama?” ya ce. “Ai kin buɗe mana ɗaya hanyar. Bi ta can.”